Yadda Za a Taimaki Baligin da ke Ji wa Kansa Rauni: Daga Ranar Farko Zuwa Zaman Magani

A gidajenmu, idan aka gano cewa babban mutum, matar aure ce ko magidanci ko ɗalibin jami'a, yana ji wa kansa rauni da gangan, ko ya sha abin da zai cutar da shi, abin da ake yi sananne ne. A rufe shi da faɗa, a sa shi ya rantse ba zai ƙara ba, sannan a binne maganar kada maƙwabta su ji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana a sake. Alƙaluman da aka tattara daga asibitocin ƙasashe da dama sun nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na waɗanda aka kai asibiti saboda cutar da kai yakan maimaita kafin shekara ta zagayo, kuma makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, wannan abu yana yi wa mai yin sa wani aiki. Wani ƙunci ne ke cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa, sai zafin jiki ya ɗan rage masa na zuci na 'yan mintoci. Wata ji take kamar ta mutu a tsaye, ba daɗi ba zafi, tana neman abin da zai tabbatar mata tana raye. Wani hukunta kansa yake yi. Wani kuwa mutuwar yake nufi da gaske. Ka hana shi da tsawa ba tare da ka ba shi madadi ba, kamar ka ƙwace wa mai ɗingishi sandarsa ne ka ce ya yi ta tafiya. Duk hanyoyin maganin da zan kawo manufarsu ɗaya ce: a gano aikin da raunin ke yi wa mutum, a koya masa wata hanyar da za ta biya masa wannan buƙata ba tare da ya cutu ba.

Mataki na farko: a ceci jiki tukuna

In ya sha wani abu, a nufi asibiti nan take, ko da yana magana lafiya lau yana cewa ba komai. Akwai magungunan da ba sa nuna illarsu sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da hanta ta riga ta taɓu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Abin da ya shiga huhu ya fi wanda ke ciki muni. A ɗauki kwalbar ko fakitin a tafi da shi, a gaya wa likita lokacin da aka sha. In rauni ne mai zubar da jini, a danne da tsumma mai tsabta a tafi. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma in akwai abin hawa a kusa kada a tsaya jira.

Na san abin da ke sa wasu yi wa likita ƙarya, su ce kuskure ne. Shekara da shekaru sashe na 231 na dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, a Najeriya ma an daɗe ana fafutukar soke ta. Kada wannan tsoro ya sa a ɓoye wa likita gaskiya. Aikinsa jinya ne, sirrin marar lafiya amana ne a wuyansa, kuma ba zai iya ba da maganin da ya dace ba in bai san abin da aka sha ba.

Mataki na biyu: magana ta farko

Bayan jiki ya lafa, mutum ɗaya ya zauna da shi, wanda ya fi sakin jiki da shi, a inda babu mai jin su. Kada a tara dangi a kansa kamar zaman shari'a. Kalmomin da ake buƙata ba su da yawa: "Ƙanwata, na ga abin da ya faru. Ban zo yi miki faɗa ba. Me ya yi miki nauyi haka?" Daga nan a yi shiru a saurara, ko da shirun ya yi tsawo.

Akwai tambayar da kowa ke gudu, kuma dole a yi ta a fili: "Kina tunanin kashe kanki?" Mutane na tsoron cewa tambayar za ta cusa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. An bincika wannan sau da yawa, ba a ga haka ba. Abin da aka fi gani shi ne sauƙin da mutum ke ji don ya sami wanda zai faɗa wa. In ta ce e, kuma ta riga ta tsara yadda za ta yi ko yaushe, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

A guji "neman suna kike yi", da "dubi yadda kika kunyata mu", da karanto mata azabar wuta. Ta san haramun ne tun tana Islamiyya, kuma sanin nan yana cikin abin da ke ƙara mata tsanar kanta.

Mataki na uku: zaman tantancewa da ƙwararre

Ɗinke rauni ko wanke ciki ba shi ne ƙarshen aikin asibiti ba. Kafin sallama a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko nas ɗin da ta ƙware a wannan fanni. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a ƙa'idarta ta 2022 a yi wannan zama bayan kowane karo, komai ƙanƙantar raunin. Ta kuma hana a dogara da takardun nan na cike gurbi da ke raba mutane zuwa "mai hatsari kaɗan" da "mai hatsari sosai", domin ba sa iya hasashen wanda zai sake. Zaman kirki hira ce: me ya faru, me ya gabace shi, akwai ciwon damuwa, akwai shaye-shaye irin su kodin da tiramol, ana dukan mutum a gida, bashi ya yi masa katutu, wa yake da shi.

Wuraren zuwa akwai su, ko da sun yi kaɗan: asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos. A Nijar akwai sashen a Babban Asibitin Yamai. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke shiga, su ga likita, su koma gida a ranar. Kada a fito sai da ranar dawowa a rubuce. Ƙa'idar Ingila ta ce in har akwai sauran fargaba, a sake tuntuɓar mutum cikin awa 48.

Mataki na huɗu: takardar tsira

Wannan shi ne abin da za a iya yi ko a yau, da biro da takarda. Wasu masana biyu a Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka tsara ta, kuma dalilinta mai sauƙi ne. Guguwar son cutar da kai tana tasowa, ta kai ƙololuwa, ta sauka, kuma a tsakiyarta tunani ba ya aiki. Don haka ake rubuta abin yi tun hankali na kwance. Mai abin ne zai faɗa da bakinsa, mai taimako ya rubuta da kalmominsa.

A sama a rubuta alamomin da ke nuna abin na tafe: "idan na kwana biyu ban yi barci ba", "idan na fara jin kowa ya gaji da ni", "idan na kulle ɗaki na kashe waya". Sai abin da zai iya yi shi kaɗai: alwala da ruwan sanyi, fita tsakar gida, wanki, sauraren karatu ko rediyo. Sai mutane da wuraren da ke ɗauke masa hankali ba sai ya faɗi damuwarsa ba, kamar gidan gwaggo, majalisar ƙofar gida, masallaci ko coci. Bayan su sai mutum biyu ko uku da zai kira ya ce kai tsaye "ina cikin hali", da lambobinsu a rubuce, sannan lambar likita da sunan asibiti mafi kusa. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, in wannan bai yi ba a wuce na gaba. A ɗauki hoton takardar a waya.

Layi na ƙarshe shi ne nesanta kayan hatsari, kuma a ganina shi ne mafi nauyi a gidajen manoma. Maganin ƙwari da na feshi su bar ɗakin kwana da rumbu, su koma akwati mai kwaɗo, makulli a hannun wani. Magungunan asibiti a riƙa ba shi na kwana kaɗan-kaɗan. Wasu kan ce wanda ya yi niyya zai nemi wata hanya. Siri Lanka ta amsa wannan: bayan ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Mintocin da mutum zai ɓata yana neman abu, sau da yawa su ne mintocin da guguwar ke sauka.

Kada a haɗa wannan takarda da alƙawarin "ba zan ƙara ba". Rantsuwa ba ta koya wa mutum abin yi, kuma ranar da ya karya ta sai ya ɓoye.

Mataki na biyar: maganin zama da magana

A 2021 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 76 da aka yi a kan manya fiye da 21,000. Hanyar da ta fi samun hujja ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke kira CBT a taƙaice. Masu nazarin sun ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake so ba, amma ta nuna raguwar maimaitawa bayan wata 6 da wata 12. A wani gwaji da aka buga a 2005 daga birnin Filadelfiya na Amurka, manya 120 da suka yi yunƙurin kashe kansu aka raba gida biyu. Waɗanda suka yi zama kusan 10 na wannan magani, hatsarin sake yunƙuri a cikinsu ya ragu da rabi cikin wata 18. Ƙa'idar Ingila ta ba da shawarar zama 4 zuwa 10, a ƙara in da buƙata.

Ga yadda zama ɗaya yake. A ce matar aure ce, abin ya faru daren Talata. Mai maganin ba zai tambaye ta "don me kika yi" ba, domin amsar kullum "ban sani ba" ce. Zai ce, "Malama, mu koma safiyar Talata. Kin karya?" Ba ta karya ba. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ba ta runtsa ba. Da magariba maigida ya kushe tuwon a gaban abokiyar zamanta. "Da ya faɗi haka, me ya fara zuwa miki a rai?" Ta ce: ni ba ni da amfani a gidan nan. "A jikinki fa?" Ƙirji ya yi nauyi, hannu na rawa, kunne na ƙara. Ta shiga ɗaki ta sa sakata. "Tsakanin maganarsa da sakatar, minti nawa?" Kamar ashirin. Bayan abin ta ji sauƙi na ɗan lokaci, sai kunya ta rufe ta har gari ya waye.

Yanzu abin da ya zo mata kamar faɗuwar aradu ya zama jerin gaɓoɓi a kan takarda, kuma kowace gaɓa wurin yankewa ce. Yunwa da rashin barci ana iya gyara su. Tunanin "ba ni da amfani" ana ɗora shi a sikeli: wa ya kwana a kan yaron, wa ya kai shi asibiti? Kushe tuwo da rashin amfani abu ɗaya ne? Minti ashirin ɗin nan kuwa a nan takardar tsira ke shiga, kuma dokarta ta farko ita ce kada ta sa sakata. Za ta koma gida da aikin yi, ta riƙa rubuta duk ranar da sha'awar ta taso, ƙarfinta daga 0 zuwa 10, da abin da ta yi. Wadda ba ta rubutu tana iya naɗar muryarta a waya.

Wanda abin ya zame masa jiki, yana yi a kai a kai shekara da shekaru, zuciyarsa na hawa da sauka kamar ba shi ke riƙe da ita ba, gajeren magani ba ya isar sa. Don irinsa Marsha Linehan ta Jami'ar Washington da ke Siyatil ta tsara wani maganin zama da magana mai tsawo da ake kira DBT a taƙaice, ta buga gwajinta na farko a 1991. A 2011 ta fito fili ta faɗa cewa ita kanta ta yi fama da ji wa kai rauni tana budurwa, har an kwantar da ita fiye da shekara 2. Cikakken tsarin yakan ɗauki shekara guda: zama da mai magani kowane mako, ajin koyon dabaru cikin rukuni, da damar kiran waya lokacin da abin ya taso. Dabarun kashi huɗu ne: tsayar da hankali a kan abin da ake ciki yanzu, jure ƙunci ba tare da an ƙara ɓata lamari ba, sarrafa motsin zuciya, da iya zama da mutane, wato iya roƙo da iya cewa a'a.

Cikakken DBT yana da wuyar samu a ƙasashenmu, amma wasu dabarunsa kowa zai iya koya. In zuciya ta hau, a cika kwano da ruwan sanyi, a riƙe numfashi a tsoma fuska na 'yan daƙiƙu. Jiki da kansa yake rage bugun zuciya. Mai ciwon zuciya kada ya yi sai ya tambayi likita. Ko a ja numfashi ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida ko bakwai, na 'yan mintoci. Ko a yi tafiya da sauri har gumi ya fito. Waɗannan ba sa warware matsala, tsallakar da mutum kawai suke yi zuwa lokacin da zai iya tunani.

Akwai kuma wani maganin da ake kira MBT da Anthony Bateman da Peter Fonagy suka tsara a Landan, mai koya wa mutum ya dakata ya tambayi kansa ko abin da yake zaton wani na nufi shi ne gaskiya. Yakan ɗauki wata 18.

Game da ƙwayoyin asibiti: babu ƙwayar da aka tabbatar tana maganin cutar da kai ita kanta. In likita ya gano ciwon damuwa mai tsanani ko wata cuta a ƙarƙashi, zai ba da maganinta, a sha yadda ya ce, kada a daina kwatsam, kuma a sa ido sosai a makonnin farko. Amma in an rubuta ƙwaya kawai aka ce a dawo bayan wata uku, a buɗe baki a tambaya: "Likita, wa zai riƙa zama da ita?"

Mataki na shida: a taɓa abin da ke ƙona mutum

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, don haka da yawa ba za su sami zaman mako-mako ba. Nan ne dabarar warware matsala take da amfani. A Pakistan an gwada ta a kan waɗanda suka cutar da kansu, zama 6 cikin wata 3, bayan an daidaita ta da al'ada da addinin mutanen, kuma ta rage tunanin kashe kai da yanke ƙauna. A Zimbabuwe, shirin bencin abota da Dixon Chibanda ya fara a 2006 ya horar da tsofaffin mata suna yin irin wannan zama da masu damuwa a harabar asibitocin unguwa. Nas ko ma'aikacin lafiya na unguwa da ya sami horo zai iya.

Ana jero matsalolin duka, a zaɓi guda ɗaya wadda za a iya taɓawa, a faɗe ta a takaice. "Rayuwata ta lalace" ba ta taɓuwa. "Mai shago na bi na dubu tamanin, ya ce ƙarshen wata" tana taɓuwa. A kawo duk mafitar da ta zo a rai ba tare da tacewa ba, a auna kowace, a ɗauki ɗaya, a sa mata rana da wanda zai raka. Mako mai zuwa a duba abin da ya faru.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin takarda. Matar da ake duka, ko wadda aka yi wa auren da ba ta so, ba za a koya mata numfashi a mayar da ita cikin abin da ke kashe ta ba. Nan sai waliyyai da manyan dangi da ofishin jin daɗin jama'a sun shigo, kuma "ki yi haƙuri" ita kaɗai ba amsa ba ce. Malami ko fasto mai tausayi babban jigo ne, musamman in yana tuna wa mutum rahamar Ubangiji, yana kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da zuwa asibiti. Addu'a da neman magani ba sa karo. Abin da za a guje wa shi ne duk inda ake ɗaure mutum da mari ko a doke shi da sunan fitar da iska. Abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa gargaɗi.

Sai bibiya. Tun shekarun 1970 wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya riƙa aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga waɗanda suka ƙi ci gaba da magani bayan sallama, aka ga mutuwa ta ragu a cikinsu a shekaru biyun farko. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ba da sakamako iri ɗaya ba, amma abu ne da ba ya cin kuɗi. Saƙo ɗaya a mako ya isa: "Yaya, ka kwana biyu a raina. Ya jiki?" Ba nasiha a ciki, ba tambayar ko ya sake.

Mataki na bakwai: in ya sake faruwa

Zai iya faruwa ana tsakiyar magani, kuma ba ya nufin an koma farko. A kula da raunin, a sake yin tambayar nan ta kai tsaye, a sanar da mai magani, a zauna a bi gaɓoɓin wannan karon a ga inda takardar tsira ta gaza, a gyara ta. Ci gaba ana auna shi da tazarar da ke ƙaruwa tsakanin karo da karo, da ranakun da sha'awar ta taso aka tsallake, da ranar da ya kira kafin ya yi maimakon bayan ya yi.

Mai jinya ma ya nemi mataimaki. A raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku da mai abin ya amince da su: wannan ya riƙe makullin akwatin magani, wannan ya riƙa raka shi asibiti, wannan ya bar wayarsa a kunne da dare. In kuma aka ga ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba dalili, yana maganar cewa an kusa hutawa da shi, ko ya yi wani irin natsuwa kwatsam bayan dogon ƙunci, kada a jira ranar da likita ya rubuta. A zauna tare da shi, a nemi abin hawa, a kai shi asibiti a wannan ranar.